Kuɗin Cizo a Ɗaki: Abin da Za a Yi da Wanda Ba Za a Yi Ba

Daga Sanyinna zuwa Dogon Daji, daga Jabo zuwa Kebbe, da wuya a sami magidancin da zai ce bai san kuɗin cizo ba. To amma sanin sunansa daban, gane shigowarsa ɗaki tun bai yi yawa ba daban. Gidaje da dama ba sa farga sai ya yi watanni yana hayayyafa a bakin ɗinkin katifa, yara na kwana susa, manya na ɗora wa sauro laifi. Ranar da aka farga kuma sai a yi abu biyu da suka fi cizon muni: a ɓoye saboda kunya, sannan a ɗauko gubar gona a malala a inda iyali ke kwana. Abin da ke tafe ba shawarar "in ka ga dama" ba ce. Wasu daga dokokin nan za su ceto maka barci, wasu kuwa rai.

Kada ka yanke hukunci da cizo kaɗai. Wannan ne kuskuren farko, kuma shi ke haifar da sauran. Fatar mutane ba ɗaya ba ce. Mata da miji za su kwana gado ɗaya, ita ta tashi wuya da dantse duk sun yi ruɗu-ruɗu, shi kuwa ko ɗigo babu, sai ya ce, "Ai sauro na, ba komi," ko ya ce jininta ne. An cije shi yadda aka cije ta, jikinsa ne bai nuna ba. Tsofaffi ma sau da yawa ba sa nunawa. A jikin wasu kuma tabon ba ya fitowa sai bayan kwanaki, har ya kan kai mako biyu, ta yadda mutum zai kwana a masauki a Jega ko Sakkwato, ya dawo gida ƙaiƙayi ya taso masa, ya zargi ɗakinsa alhali can ya kwaso. Aikin cizo ɗaya ne: ya tashe ka ka duba. In ana wayar gari da sababbin ƙuraje a inda tufa ba ta rufe ba, wato fuska da wuya da hannu da ƙafa, uku ko huɗu a jere ko a cure wuri guda, to yau ɗin nan za a ɗaga katifa, ba gobe ba.

Ku bambance shi da sauran masu sa susa. Ƙazuwa tana kama tsakanin yatsu da wuyan hannu da ƙugu, tana bin 'yan gida ɗaya bayan ɗaya, kuma maganin asibiti take so, ba feshi ba. Ƙuma tana tsalle, ta fi cizon idon sawu, kuma ta fi yawa inda dabbobi ke kwana kusa da mutane. Kwarkwata tana cikin gashi ko cikin ɗinkin tufar da ke jiki. Ƙurajen zafi na bazara ƙanana ne, suna bin inda gumi ke taruwa. In kuwa ƙurajen yaro sun zo da zazzaɓi, ku bar zancen ƙwaro gaba ɗaya ku nufi asibiti, domin ƙyanda da ƙarambau ba a jira da su.

Ka san kamanninsa, tun daga ƙwai har babba. Babban yana da tsawon milimita 5 zuwa 7, mai faɗi, a shafe, launinsa ja-ja mai duhu. In ya sha jini sai ya kumbura, ya ƙara tsawo, ya ƙara ja. Ba shi da fiffiken tashi, ba ya tsalle, rarrafe yake yi. Don haka abin da ya tashi sama ko ya yi tsalle ya ɓace maka, ba shi ba ne. 'Ya'yansa su ne masu wuyar gani, don farare ne sol-sol kafin su sha jini, wanda aka ƙyanƙyashe yanzu bai wuce milimita ɗaya da ɗan kai ba. Mutane na rikita su da 'ya'yan kyankyaso, alhali ɗan kyankyaso ya fi tsawo, ya fi gudu, gashin kansa ya fi tsayi, kuma wurin abinci yake nema, ba wurin barci ba. Ƙwan fari ne, kimanin milimita ɗaya, manne da itace ko yadi, ba ya faɗuwa don an kakkaɓe.

Kada ka ce "ɗaya kawai na gani." Mace ɗaya tana yin ƙwai ɗaya zuwa biyar a rana, ɗaruruwa a tsawon rayuwarta. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana shida zuwa goma. Ɗan yana saɓa sau biyar kafin ya girma, kuma kafin kowace saɓa sai ya sha jini. A zafi irin na ƙasarmu wannan tafiya ba ta ɗaukar fiye da 'yan makonni. Wanda ka gani yana tafiya a kan zanin gado da rana tsaka, ɗan aike ne na waɗanda wurin ɓuya ya yi wa kaɗan.

Ka duba da kanka, da tocila, ka kuma duba da kyau. A nan nake so a tsaya, don a nan ake yin ha'inci. Leƙa saman katifa ba dubawa ba ne. Yaye zanin gado a hankali, kada ka kakkaɓe shi, ka duba ko akwai ɗige-ɗigen jini, irin wanda ke fita in mai barci ya juya ya danne ƙwaron da ya ƙoshi. Sannan ka sa babban yatsa ka buɗe kalmasar katifa, ka bi ta kusurwa zuwa kusurwa, musamman wajen kai. Abin da kake nema baƙaƙen ɗigo ne a cure, kamar an ɗiɗɗiga tawadar biro. Kashinsa ke nan, jinin da ya narkar. Jiƙa farin ƙyalle ka goga: in ya narke ya bar shatin ja mai duhu, babu sauran musu. Kusa da ɗigon za ka ga saɓarsa, fanko mai launin ƙasa-ƙasa, da siffar ƙwaron sak amma babu kowa ciki, iskar bakinka ma tana ɗaga ta. In sun yi yawa, ɗakin yakan ɗauki wani ƙarni mai nauyi da turaren wuta ba ya rufewa, irin wanda ke tashi in an murƙushe ɗaya da yatsa.

Daga katifa ka koma kan gadon. Gadon katako, a kwance shi, a duba mahaɗa da ramin ƙusa da ƙarƙashin allunan. Gadon ƙarfe, a duba bakin bututu da inda aka yi walda, don cikin bututun fanko ne kuma suna son sa. Gadon kara, wannan kam kowane kara ɗaki ne. Tabarmar kaba a ɗaga ta, a buga a kan siminti mai haske a ga abin da zai zubo. Bayan nan sai bango: tsaguwar yaɓe daidai inda gado ya jingina, bayan kalanda da hoto, gindin ƙusar da ake rataye riga, naɗin labule, asabari, ƙarƙashin ledar ɗaki daga gefe, ɗinkin kujerun kushin, adudu da akwatin da ke ƙarƙashin gado. Duk tsagar da katin waya zai shiga, shi ma zai shiga. Yawancinsu ba sa nisa da inda mutum ke kwana, saboda numfashinsa da ɗumin jikinsa suke bi.

In da rana ba ka ga komai ba kuma zargin bai tafi ba, shimfiɗa farin zani, ka tashi cikin dare kafin kiran assalatu, ka haska tocila farat ɗaya. Lokacin cin abincinsu ke nan. Minti uku zuwa goma ya ishe shi ya ƙoshi ya koma.

Ka kama ɗaya ka ajiye a 'yar kwalba ko ƙullin leda. Shi za ka nuna wa duba-gari ko mai feshi, ba bayanin baki ba.

Kada ku ɓoye. Na san abin da ke hana faɗa: kada a ce uwargida ƙazama ce, kada kishiya ta samu na yi, kada dangin miji su ji. Wannan kunya ba ta da tushe. Kuɗin cizo ba shara yake ci ba, jini yake sha, kuma jinin mai tsabta da na ƙazami duk ɗaya ne a wurinsa. A shekarar 2023, ana shirin wasannin Olamfik na 2024, birnin Paris ya ruɗe da zancensa; a shekarar ce kuma hukumar kula da lafiyar abinci da muhalli ta Faransa ta bayyana cewa fiye da gida ɗaya cikin goma a ƙasar ya yi fama da shi tsakanin 2017 da 2022. Ba rashin ruwa ko sabulu ya kai shi can ba. Tarkace da tsagaggen bango suna ba shi maɓoya, gaskiya ne, amma ba su ke kawo shi ba. A gidan da ɗakuna ke jere bango ɗaya, in ɗaki ɗaya ya yi shiru, sauran za su samu. Maigida, kai za ka tara iyalinka ka ce a duba kowane ɗaki rana ɗaya, har turakarka da shagon samari da zaure, kuma kai za ka hana gori. Wanda ya mai da wannan abin habaici, shi ya ba ƙwaron wata guda kyauta.

Kada ku ƙaura ɗaki ku ce yunwa za ta kashe shi. Yana iya yin watanni bai sha jini ba yana nan da ransa, kuma in ya ji shiru zai biyo ku. Haka kada a ɗauki katifa ko filo ko bargo daga ɗakin da abin yake a kai wani ɗaki, ko da na dare ɗaya ne.

Kada ka sayar da katifar da ka san tana da shi, kada ka ba da ita sadaka, kada ka ba almajiri. Zalunci ne, ko da niyyar ta yi kyau. In za ka yar, yayyaga ta da wuƙa yadda ba mai ɗauka. Gadon kara da tsohuwar tabarmar kaba a fitar da su fili a ƙone. Katifar soso ba a ƙona ta a tsakar gida, hayaƙinta guba ne.

Yanzu ga dokar da ba ta da sassauci ko kaɗan. Kada ka kuskura ka sa ƙwayar adana hatsi a ɗakin kwana. Ina nufin ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhun wake ko rumbu, wadda ake sayarwa da suna Phostoxin da makamantansa. Da ta ji danshin iska sai ta saki iskar guba da ke ratsa tsaguwar bango da silin ta shiga ɗakin da ba a sa ta ba, kuma babu maganin da ke karya ta in ta shiga jiki. A watan Fabrairun 2015, a garin Fort McMurray na Kanada, yara biyu 'yan gida ɗaya sun rasu bayan an sa irin wannan ƙwaya a gidansu don kashe kuɗin cizo. A watan Disambar 2021, a gabashin Landan, yarinya 'yar shekara 11 ta rasu saboda wata maƙwabciya a gininsu ta yi haka a nata ɗakin. Can ma sai da aka yi safarar ƙwayar daga wata ƙasa. Mu nan kuwa tana hannun kusan kowane manomi bayan kaka, shi ya sa nake nanatawa. Rufe ƙofa da toshe taga ba sa sa ta zama lafiya. Barin ɗakin kwana biyu ba ya sa ta zama lafiya. Ba ta da wuri a gidan da mutane ke numfashi.

Kada ka zuba fiya-fiya ko Sniper ko maganin feshin gona a kan katifa, ko tabarma, ko tufa. Gubar da ke cikinsu tana shiga ta fata da numfashi, kuma jikin jariri da ke kwance a kan wannan katifa awa goma ba ya iya ɗaukar abin da babba ke ɗauka. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna, don na gona ne, ba na ɗaki ba. Ganin ana sayarwa a tire ranar kasuwa bai halatta shi ba. Fetur da kananzir kuma, a ɗakin da ake kunna ashana da gawayin turare, neman gobara ne kawai.

In an riga an yi, kuma wani ya fara dalalar da miyau, gumi, amai, ciwon ciki ko sarƙewar numfashi, ku fitar da shi iska, ku tuɓe masa tufar, ku wanke jikin da ruwa da sabulu, ku nufi asibiti mafi kusa, ko babban asibitin Tambuwal, da kwalbar a hannu don ma'aikata su ga abin da ya shaƙa. Kada a ɗura masa manja ko madara. Kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. Kada a ce bari a ga safiya.

Ku yaƙe shi da zafi, don shi ne makamin da bai saba da shi ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, maganin DDT ya kusa share shi a Turai da Amurka, amma ya dawo da ƙarfi tun ƙarshen shekarun 1990, kuma yanzu da yawansu ba sa jin magungunan feshin da aka saba. Shi ya sa mutum zai fesa gwangwani uku ya ga kamar ruwa ya zuba. Zafin da ya haura digiri 50 kuwa yana kashe babba da ɗa da ƙwai. Zannuwa da rigunan filo da labule da tufafi, a ƙulle su a leda tun daga cikin ɗaki, kada a rungumo su a ratsa tsakar gida suna zuba, a juye su cikin ruwan da hannu ba ya iya shiga, a bar su su jima, a wanke, a bi ɗinkin da dutsen guga. Gadon da aka kwance a fitar da shi, a kwarara tafasasshen ruwa a kowace mahaɗa da cikin bututu, bayan an kawar da yara nesa. Kalmasar katifa a goge ta da burushi mai tauri don ƙwan ya ɓanɓaru, a bi da guga a kan jiƙaƙƙen ƙyalle.

Kada ka dogara da shanya kaɗai. Ranar Maris da Afrilu a ƙasar Sakkwato tana da ƙarfi, kuma kayan da ba su da kauri, in an ƙulle su cikin baƙar leda an ajiye a kan siminti daga hantsi zuwa la'asar, ana juyawa, za su gasu. Amma katifa mai kauri da aka jingina a bango, ƙwaron zai sulale ya koma ɓangaren inuwa ya jira magariba. Da hunturu kuwa ranar ba ta isa ba sam.

Ku toshe tsaguwa. A sake yaɓe, a cike ramin ƙusa, a cire tsohuwar takardar da aka manna a bango. A janye gado daga jikin bango, kada zani ya taɓa ƙasa, a sa ƙafafun gadon cikin gwangwani mai santsi da ɗan ruwan sabulu.

Kada ku yar da gidan sauro. Ana yawan cewa shi ke kawo kuɗin cizo, kuma ba haka ba ne. Samunsa yake yi a rataye kusa da mai barci, sai ya ɓuya a kusurwoyinsa na sama da cikin ɗinki. A duba waɗannan wurare, a murƙushe abin da aka gani, a wanke shi da ruwan sanyi da sabulu, a shanya a inuwa, don ruwan zafi da rana suna kashe maganin da ke jikinsa. In ya cika da su, a sauya wani. Kuɗin cizo yana hana barci, susarsa tana iya zama gyambo, in ya yi yawa ƙwarai yana iya rage wa ƙaramin yaro jini, amma ba a san shi da yaɗa cuta tsakanin mutane ba. Sauro kuwa kisa yake yi, kuma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke. Uwar da ta cire wa ɗanta gidan sauro da damina saboda kuɗin cizo, ta gudu ba ta tsira ba.

Ku yanke wa yara farce, a wanke wurin cizon da sabulu. In ya yi ruwa ko ya kumbura, a kai wa malamin asibiti.

In dole sai an yi feshi, a nemo wanda ya san aikin, ya nuna maka kwalbar da lambar NAFDAC, ka tabbata an rubuta na cikin gida ne. Tsaguwa da mahaɗar gado ake fesawa, ba inda fata ke kwanciya ba. A fitar da abinci da randa da kwanuka, a fitar da yara da mai ciki da mai asma, kada a koma sai ya bushe iska ta ratsa ɗakin sosai. Mai feshin da ya zo da haɗi a gorar ruwa, ya ƙi faɗin abin da ke ciki, a sallame shi daga zaure. Maganin sauro na kunnawa ba ya isa inda suke.

Ku tsare ƙofar da yake shigowa, don da ƙafarsa ba ya zuwa daga nesa, ɗauko shi ake yi. Ɗan ci-rani da ya dawo daga Legas ko Abuja ko Fatakwal, ɗalibar da ta zo hutu daga makarantar kwana, wanda ya yi jinya a gadon asibiti, duk jakarsu ta tsaya a tsakar gida, a buɗe ta a kan siminti, a wanke kayan da ruwan zafi kafin su ga ɗaki. Wannan ba wulaƙanci ba ne, kuma wanda ya dawo ɗin ya kamata ya fara faɗa. Gwanjo ba ya shiga adudu sai ya sha ruwan zafi da guga. Tsohon gado ko kushin da za a saya don jeren amarya, a kifa shi a duba ƙarƙashinsa tun a gaban mai shi, kafin a biya. Sai kuma hanyar da aka fi mantawa da ita, wato aron katifu da tabarmi lokacin biki ko suna ko zaman makoki. Kayan gida biyar suna haɗuwa a ɗaki ɗaya kwana uku, sannan kowa ya kwashi nasa. A duba su ranar karɓa, a duba su ranar mayarwa.

Malaman makarantun allo da masu kula da ɗakunan kwanan ɗalibai, wannan nauyi yana wuyanku. Yaron da ke gyangyaɗi a kan allo wataƙila bai runtsa ba ne jiya. A ware rana a fitar da tabarmi da buhunan kaya gaba ɗaya, maƙwabta su taimaka da itace da sabulu maimakon tsangwama.

Kada ka ce an gama don an kwana uku lafiya. Ƙwan da ya tsira zai fashe bayan mako guda, don haka duk abin da aka yi, ruwan zafi ne ko feshi, a maimaita shi bayan kwana goma, a sake bayan wasu goman. Goge tsofaffin baƙaƙen ɗigon da ke jikin gado da bango tas, don ka iya gane sabo. Ci gaba da shimfiɗa farin zani, kana bin kalmasar katifa da tocila sau ɗaya kowane mako har wata biyu. In sabon ɗigo ya fito a inda ka goge, a sake kwance gadon, a ɗora ruwa a wuta.